Ido, Wa Ka Raina? Koriyawa da Sinawan da Suke Gani Kullum

Wanda ya sauka a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Daerim, a kudu maso yammacin birnin Seoul, ya fito ta ƙofa ta 12, sai ya ɗan dakata ya tambayi kansa ko har yanzu a Koriya yake. Allunan shaguna jajaye ne da rubutun Sinanci. Hayaƙin tsiren rago, wanda Koriyawa ke kira yangkkochi, yana dukan hanci tun daga bakin titi. Masu sayar da soyayyen abinci suna kiran ciniki da harsuna biyu, wani lokaci a cikin jimla guda. Ranar Asabar da yamma za ka ga samari da 'yan matan Koriya sun yo takakkiya daga wasu unguwanni don shan malatang, wata miya mai yajin da ke sa harshe ya yi kamar ba naka ba. Kowa ya ɗauki kwano ya zaɓi ganye da taliya da nama, a auna, a dafa masa nan take.

Waɗannan matasa da ke layin malatang su ne rukunin da ya fi kowa faɗin cewa ba ya ƙaunar ƙasar Sin. Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta daɗe tana auna wannan. A 2002 kashi 31 cikin 100 na mutanen Koriya ta Kudu ne suka ce suna yi wa Sin kallon da ba na alheri ba. A 2015 adadin bai wuce 37 ba. Zuwa 2017 ya haura 60, a 2022 kuma ya kai 80. A wannan shekarar cibiyar ta lura da wani abu: cikin duk ƙasashen da ta yi tambaya, a Koriya ta Kudu ne kaɗai matasa suka fi tsofaffi ƙin Sin.

Za a iya cewa ai gwamnati ake nufi, talaka ba ruwansa. A nan ne binciken da mujallar SisaIN ta yi tare da kamfanin Hankook Research a 2021 ya fi jan hankalina. An ce wa mutane su ba kowace ƙasa maki daga sifili zuwa 100 gwargwadon yadda zuciyarsu ta kwanta da ita. Sin ta samu kusan 26, ƙasa da Japan wadda ta mulki Koriya da ƙarfin tsiya daga 1910 zuwa 1945, ƙasa kuma da Koriya ta Arewa mai auna musu makamai. Da aka koma tambaya kan mutanen ƙasashen, sai Japanawa da 'yan Koriya ta Arewa suka samu maki sama da na gwamnatocinsu. Sinawa kuwa makinsu bai ɗaga ba. An yi musu kuɗin goro da gwamnatin Beijing.

Dalilan fushin ba ɓoyayyu ba ne. Ƙasashen biyu sun ƙulla huldar jakadanci a watan Agustan 1992, aka yi shekaru ana cin moriyar juna, har Sin ta zama mai sayen kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kayan da Koriya ke fitarwa. Tsamin dangantaka ya soma ne da tarihi. Daga 2002 masana a Sin suka shiga wani aiki da ya nuna tsohuwar daular Goguryeo a matsayin wani yanki na tarihin Sin, abin da Koriyawa suka ɗauka tamkar a ce kakanka bawan gidan wani ne. Duk wanda ya taɓa kwana yana kallon wasan Jumong a ƙasar Hausa ya san daular da ake magana, domin Jumong ne ya kafa ta. Sai babbar ɓaraka ta 2016 da 2017, lokacin da Koriya ta yarda Amurka ta girke na'urar kakkaɓo makamai masu linzami ta THAAD a gundumar Seongju. Sin ta rama ta hanyar aljihu: aka rufe mafi yawan kantunan kamfanin Lotte na Koriya da ke can, domin shi ya bayar da filin, aka toshe wa mawaƙa da 'yan wasan Koriya kasuwa, aka hana kamfanoni shirya tafiyar rukuni zuwa Koriya. Baƙin da ke zuwa daga Sin suka ragu daga miliyan 8 a 2016 zuwa miliyan 4 da 'yan kai a 2017. Ga ƙurar da ke turnuƙe Seoul da bazara, wadda jama'a ke ɗora wa masana'antun Sin, ga jiragen kamun kifi masu ƙetara iyaka, ga korona.

Duk wannan tsakanin gwamnatoci ne da iska da teku. Tambayar da ta rage ita ce, mutumin Koriya da ke haɗuwa da Basine ido da ido, me haɗuwar ke yi wa zuciyarsa?

Masana halayyar jama'a suna da tsohuwar amsa. Gordon Allport, a littafin da ya fitar a 1954 kan ƙyamar da mutane ke yi wa waɗanda ba nasu ba, ya ce cuɗanya tana rage ƙyama, amma da sharaɗi: a haɗu a matsayin tsara, a sa abu guda a gaba, a yi aikin tare ba ana tsere ba, hukuma kuma ta tsaya a bayan abin. A 2006 Thomas Pettigrew da Linda Tropp suka tattara bincike sama da 500 daga ƙasashe da dama, suka ga a mafi yawan lokuta cuɗanya tana sassauta zuciya, har ma inda sharuɗɗan ba su cika duka ba. Daga baya wasu masanan suka ƙara wani gyara mai ɗaci: mummunar haɗuwa ta fi kyakkyawa zama a rai, kuma ta fi saurin sa mutum ya ce "haka suke". Bahaushe ya riga ya faɗi duka biyun. Ya ce gani ya kori ji, ya kuma ce ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Abin da ke raba maganganun biyu shi ne irin ganin.

A Koriya ba a rasa ganin ba. 'Yan ƙasar Sin da ke zaune a can sun kusa miliyan ɗaya, su ne rukunin baƙi mafi girma. Amma a duba inda ake haɗuwa. Haɗuwar da ta fi yawa ita ce ta ɗan yawon buɗe ido da mai gari, a unguwar Myeongdong ta Seoul ko a tsibirin Jeju. Motar safa ta tsaya, mutum arba'in suka sauko bayan mai riƙe da tuta, suka cika hanya, suka yi sayayya, suka koma. Mai shagon kayan kwalliya ya ji daɗi. Wanda ke sauri zuwa aiki kuwa abin da ya gani shi ne cunkoso da hayaniya. Babu wanda ya san sunan wani. A Jeju abin ya ƙara nauyi saboda a 2010 aka buɗe wa baƙi hanyar samun izinin zama idan suka zuba won miliyan 500 a gidajen shaƙatawa, Sinawa suka fi kowa amsawa, 'yan tsibirin suka fara ƙorafin ana sayar da ƙasarsu. Irin wannan gogayya ta kafaɗa ba ta haifar da sabo, illa dai ta ba mutum labarin da zai bayar da yamma.

Jami'a ce ya kamata ta zama wurin da sharuɗɗan Allport suka cika. Ɗalibai tsara ne, aji ɗaya, jarrabawa ɗaya. Ɗaliban Sin a Koriya sun kai wajen dubu 70. Sai dai yadda aka kawo su ya ɓata lissafin. Tun 2009 gwamnati ta matsa wa jami'o'i kada su ƙara wa 'yan ƙasa kuɗin makaranta, yawan haihuwa kuma na raguwa, don haka da yawa suka koma ɗiban ɗaliban waje don cike giɓin kuɗi, wasu ba tare da an tabbatar harshen Koriya ya zauna musu ba. Sai malami ya raba aikin rukuni, maki ɗaya ga mutum biyar. Ɗalibin Koriya da ke fafutukar sakamakon da zai ba shi aiki a Samsung ya ga an haɗa shi da wanda ba ya iya bin muhawara. Ya yi aikin mutum biyu yana tsaki. Shi kuma ɗalibin Sin ya ga ba a sa shi cikin hira, ya koma wurin 'yan uwansa, ya ci abinci da su, ya yi magana da su ta WeChat. A ganina laifin a nan ya fi karkata ga hukumomin da suka karɓi kuɗi ba su shirya ba, amma ba su ake jin haushi ba. A watan Nuwamban 2019, lokacin zanga-zangar Hong Kong, ɗaliban Koriya sun liƙa takardun goyon baya a bangon jami'o'i irin su Hanyang da Yonsei da Jami'ar Koriya, wasu ɗaliban Sin suka yayyage, aka yi cacar baki har da ture-ture. Ga matashin da aka raina da labarin yadda iyayensa suka kori mulkin soja a 1987, yage takardar ra'ayi a bango ba ƙaramin abu ba ne.

Amma wurin da al'amarin ya fi sarƙewa shi ne na Joseonjok. Waɗannan Koriyawa ne a jini, jikokin waɗanda suka tsallaka kogin Tumen da na Yalu zuwa Manchuriya tun ƙarshen ƙarni na 19 da zamanin mulkin Japan, suka zama 'yan ƙasar Sin, cibiyarsu yankin Yanbian. Su ne kaso mafi tsoka na "Sinawan" da ke Koriya, sama da dubu 600. Daga 2007 aka sauƙaƙa musu takardar shigowa aiki, suka cika wuraren gini, da ɗakunan girki, da gidajen masu hali a matsayin masu raino, da asibitocin tsofaffi.

A ɗauki ɗaki ɗaya a irin wannan asibiti. Gadaje shida, tsofaffi shida, mace ɗaya mai shekara sittin da 'yan kai daga Yanji tana kwana a ɗan siririn gado a gefe. Ita ke juya tsohuwa kada bayanta ya yi gyambo, ita ke ba ta kunu da cokali, ita ke sauya mata ƙunzugu da tsakar dare. Ɗan tsohuwar yana zuwa ranar Lahadi da kwalin lemo, yana kiran matar imonim, wato inna, cikin ladabi, domin ya san abin da take yi wa mahaifiyarsa shi ba zai iya ba. Babu cuɗanyar da ta fi wannan kusanci. Amma cuɗanya ce ta mai biya da wadda ake biya. Idan ta kyauta, ya ce ya yi sa'ar mutuniyar kirki. Idan ya ga ƙurji a jikin uwarsa, ba zai ce wance ta yi sakaci ba, sai ya ce Joseonjok ke nan. Alherin nata ne ita kaɗai, laifin kuwa na dangi ne. Su kansu Joseonjok suna da tasu maganar mai ciwo, cewa a Sin ana ce musu Koriyawa, a Koriya ana ce musu Sinawa. Da gobara ta tashi a masana'antar batir ta Aricell da ke Hwaseong a watan Yunin 2024, mutum 23 suka mutu, 17 daga cikinsu 'yan ƙasar Sin ne, yawancinsu irin waɗannan ma'aikata. Sai a lokacin mutane da yawa suka ankara da wanda ke tsaye a bakin injin.

Wanda kuma bai taɓa zama da Joseonjok ba, fim ya riga ya gabatar masa da su. Hwanghae na 2010 ya nuna su da gatari. A 2017 aka fitar da fina-finai biyu da suka yi kasuwa sosai, Beomjoe Dosi da Cheongnyeon Gyeongchal, inda Garibong da Daerim suka fito a matsayin matattarar 'yan daba da masu satar mutane. Shirin barkwanci na talabijin ma ya mayar da karin harshen Yanbian muryar ɗan damfarar waya. Mazauna Daerim sun kai masu fim na biyun kotu, a 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta ba da shawarar sulhu, kamfanin ya nemi afuwa. Miliyoyi sun riga sun kalla. Ba a musun cewa wasu Joseonjok sun yi manyan laifuka, kamar kisan gillar da aka yi wa wata mata a Suwon a 2012, wanda ya girgiza ƙasar. Wake ɗaya ne, amma gari ya ɓaci.

Kada a ɗauka daɗewar zama ita kaɗai tana maganin abin. Koriya tana da tsofaffin Sinawa da ake kira hwagyo, waɗanda kakanninsu suka fara zuwa Incheon daga lardin Shandong tun shekarun 1880. Su suka kawo jajangmyeon, taliyar baƙar miya da yau kowane yaron Koriya ke ɗauka abincin gida ne, wadda ake ci ranar ƙaura zuwa sabon gida. Duk da haka a 1931, bayan wata jita-jita kan rikicin manoma a Wanbaoshan, an far musu a garuruwa da dama, aka kashe sama da mutum 100, mafi muni a Pyongyang. A zamanin Shugaba Park Chung-hee aka taƙaita musu mallakar fili da girman shago, da yawa suka tattara suka tafi Taiwan da Amurka. Kalmar zagin da ake jifan Sinawa da ita har yau, jjangkkae, ta samo asali ne daga kalmar Sinanci mai nufin mai shago. Shekara ɗari ana cin abincin mutum, sunan sana'arsa ya zama zagi.

Ga matasa, wurin haɗuwa mafi girma shi ne allon waya. A nan ne aka yi rigimar kimchi, abincin Koriya, a ƙarshen 2020, bayan jaridar Global Times ta Sin ta yi iƙirarin da aka fassara da cewa Sin na neman mallake abincin. A nan aka yi ta mawaƙan BTS, lokacin da shugaban ƙungiyar ya ambaci sadaukarwar Koriya da Amurka a yaƙin 1950, masu sharhi a Sin suka yi caa. A nan aka yi ta hanbok, tufafin gargajiyar Koriya, a bikin buɗe wasannin hunturu na Beijing a 2022. A 2021 ƙorafin jama'a ya sa tashar SBS ta dakatar da wani wasan tarihi bayan kashi biyu kacal, saboda an ga kayan Sin a cikinsa. Yadda abin ke tafiya a sauƙaƙe yake: wani ya tsinto mafi munin sharhi daga dandalin Weibo na Sin ya fassara wa Koriyawa, wani a can ya tsinto mafi munin martani ya fassara wa Sinawa. Kowane ɓangare yana hira da mahaukatan ɗayan. Yaron da bai taɓa shan shayi da Basine ba yana jin ya san su sarai, domin kullum yana "haɗuwa" da su. Mahaifinsa kuwa wataƙila ya yi shekaru yana kula da masana'anta a Qingdao, ya halarci bikin auren ma'aikacinsa, ya karanta labarin Dauloli Uku na Sin tun yana yaro. Nan nake ganin bambancin tsofaffi da matasa ya fi samun bayani.

Abin takaici, hanyar da ke samar da cuɗanya mai zurfi ita ce ta tsuke. A 2017 ɗaliban Koriya da ke karatu a Sin sun haura dubu 70. Zuwa 2023 ba su kai dubu 20 ba. Sassan koyar da Sinanci a jami'o'i suna neman ɗalibai ruwa a jallo. Waɗannan su ne mutanen da za su dawo da abokin ɗaki, da malamin da ya taimake su, da lambar wayar wanda za a kira idan an ji labari a tambaya ko gaskiya ne. Wanda yake da irin wannan aboki ba lalle ya so Jam'iyyar Kwaminis ba, sau da yawa ma ya fi kowa sanin aibinta. Abin da ya samu shi ne iya raba mutum da gwamnatinsa, wato daidai abin da binciken SisaIN ya nuna ya ɓace.

Ko abotar ma tana da iyaka, kada a yi mata kirarin da ya wuce ƙarfinta. Wani ɓangare na lissafin shi ne mai sassaucin zuciya tun farko shi ke neman aboki Basine, mai ƙyama kuwa ya kauce. Akwai kuma dabarar da zuciya ke yi don kada ta sauya ra'ayi: a ware abokin a ce ai kai ba kamar sauran ba ne. Koriyawa suna son 'yar wasan Sin Tang Wei, wadda ta auri daraktan fim Kim Tae-yong, suka ba ta lambar yabo ta Blue Dragon a 2022. Sun yi kuka a cikin ruwan sama a watan Afrilun 2024 lokacin da aka mayar da dabbar panda mai suna Fu Bao zuwa Sin, bayan an haife ta a gandun Everland a 2020. Duk wannan bai motsa ƙididdigar Pew da wani abin kirki ba. Kuma aboki ba ya janye jirgin kamun kifi daga ruwan wani, ba ya share ƙura daga sama. Wasu daga cikin koke-koken Koriyawa na gaskiya ne, wanda ya ce duk jahilci ne bai yi musu adalci ba.

Shekarun 2024 da 2025 sun kawo gwaji iri biyu a lokaci guda. A watan Nuwamban 2024 Sin ta ɗage wa Koriyawa neman biza, matasa suka riƙa tashi zuwa Shanghai ranar Juma'a su dawo Lahadi, su leƙa tsohon ginin gwamnatin gudun hijira da 'yan kishin Koriya suka kafa a 1919, su dawo suna mamakin tsabtar gari da yadda direban tasi ya karɓe su. A ɗaya gefen, bayan Shugaba Yoon Suk-yeol ya ayyana dokar soja a ranar 3 ga Disamban 2024 aka tsige shi, wasu magoya bayansa suka rungumi zancen cewa Sin ce ke murɗe zaɓe. Har wata jarida ta buga cewa an kama 'yan leƙen asirin Sin 99, rundunar Amurka da ke Koriya ta fito ta ƙaryata. A 2025 masu zanga-zanga suka riƙa zagaye Myeongdong suna zagin baƙi a fuska. Shugaba Lee Jae-myung ya yi tir da su, 'yan sanda suka taƙaita musu hanya, a daidai lokacin da gwamnati ke shirin buɗe wa rukunin masu yawon buɗe ido na Sin ƙofa ba biza daga ƙarshen Satumba. Da aka matsa musu a Myeongdong, sai suka nufi Daerim.

A Daerim da Guro akwai makarantun firamare da na gaba da su inda yaran da iyayensu suka fito daga Sin suka fi yawa a aji. Malamai da wasu mazauna unguwar sun fito sun ce kada a biyo da wannan zagi ta ƙofar makarantunsu. A cikin waɗannan azuzuwa ne kaɗai, in ka duba da kyau, sharuɗɗan Allport suka haɗu ba tare da wani ya tsara ba: yara tsara ɗaya, ƙungiyar ƙwallo ɗaya, tire ɗaya na abincin rana, malama ɗaya da ke tsawata wa kowa. Yaron da ya taso a nan, idan aka ce Basine, fuskar wanda suke zama benci ɗaya ce za ta faɗo masa. Sai dai iyaye Koriyawa da yawa, da zarar ɗansu ya kusa shiga aji ɗaya, sukan nemi gida a wata unguwa.